Cukun Asama'u

Duk wanda ya taɓa sayen cuku a kasuwar Maigatari ya san Iya Kande, in bai san ta da suna ba ya san ta da faɗa. Shekara talatin tana zama gindin darbejiya kowace Alhamis, tana sayar da busasshen cukun nan da ake ci da shayi. Ka saya da kuɗinka, amma ba ka tafiya sai ka sha huɗuba.

"Kada ka ƙulle mini shi a leda, ɗan nan. Cuku iska yake so. In ka toshe shi sai ya yi gumi, gumin ya jawo fumfuna, gobe ka ce Iya ta cuce ka. Rataye shi a kwando, a inuwa."

Ba ita take yin cukun ba. Ƙanwarta Asama'u, wadda ke aure a wani ƙauye can ƙasar Damagaram, ita take matse shi, ta shanya, ta aiko. Kowanne sai ta danna masa babban yatsanta a gefe tun yana ɗanye. Dukansu ba mai iya rubutu, wannan ɗan gurbin yatsan shi ne gaisuwarsu. Iya na kwance kaya, shi take fara shafawa.

A shekarar da aka rufe iyaka Asama'u ta kwanta ciwo. Sai bayan an binne ta Iya ta ji a waya. Ba ta yi jinya ba, ba ta ga gawa ba, abin ya tsaya mata a rai.

Da aka buɗe hanya, Rufa'i direban da ke kawo mata kaya ya zo da ƙunshi, ya durƙusa.

"Iya, waɗannan ne na ƙarshe da ta shanya. Mijinta ya ce a ba ki."

Guda biyar ne, kowanne da yatsan. Iya ta duba kwandon rataye, ta tuna ɓera, ta tuna baƙin da ba a iya hanawa. Sai ga mai huɗubar nan ta ɗauko leda, har biyu, ta ƙulle su tam, ta tura ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa. Ta san illar sarai, tsoron rabuwa da su ne ya rufe mata ido.

Damina ta zo ta wuce ba ta buɗe ba, don ba ta iya kallonsu. Ran da ta yi ƙarfin hali, wari ne ya fara tarbar ta. Huɗu sun ruɓe har ciki. Ɗaya ne zai tsira in an kankare fumfunar an shanya a rana. To amma a gurbin yatsan laima ta taru, nan fumfunar ta fi kauri. In ta bari, ta cinye shi duka. In ta kankare, yatsan ya tafi.

Ta daɗe zaune da wuƙa a hannu, sannan ta kankare tana kuka.

Har yanzu tana gindin darbejiyar, tana sayar da cukun wasu, huɗubar dai ta ragu. Sai dai kafin ta miƙa maka, za ka ga yatsanta yana bin gefen cukun yana lalube.