Audugar da Na Cusa wa Begila

Maigidana ya dawo daga yaƙin Bama da begila ɗaya, da kunne ɗaya mai ji, ba haƙoran gaba. Busa ce aikinsa a soja, har ya kai Kofur, amma mai giɓi irin nasa in ya busa iska ce kawai ke zurarewa. Shekaru begilar tana rataye a ƙusa, shi kuma yana zaune a zaure shiru. Sai in yi magana uku bai yi ɗaya ba.

Muna haya a Tudun Wada lokacin, shekarar da na shiga ajin manya na koyon boko. Ran nan wani akawun reluwe ya kawo ɗansa, ya ce makarantarsu ta sayi begila don fareti amma ba mai koyarwa. Bayan mako ɗan wani Ibo mai kantin kwanuka ya biyo shi. Kullum bayan la'asar sai su zo da gajeren wandon makaranta su ƙame, shi ya rera musu da baki, "ta-ta-taaa", su kuma su maimaita da begilarsa, suna karɓa-karɓa. Mutumin nan ya farfaɗo. Har ƙarin tuwo ya fara nema.

Sai dai abin da ke fita daga begilar nan, Allah ya sawwaƙe. Wani sa'in kukan jaki, wani sa'in abin da ba a yi a gaban suruki. Maƙwabcinmu tela, matarsa na jego, ya kai ƙara. Mai unguwa ya zo da kansa, bai tarar da maigidan ba, ya tsaya daga bayan zana.

"A gaya wa Kofur, in aka sake kawo mini ƙara, begilar nan ta bar unguwa ke nan."

Ban gaya masa ba. Na san zai mayar da ita ƙusa, ya koma shirunsa. Ina cikin kaɗi dama, sai na cure auduga, na tura ta can cikin begilar da mazari.

Da yamma ɗan akawu ya ɗauka ya busa. Kumatu suka cika, jijiyar wuya ta tashi, abin da ya fito kamar sauro a cikin tulu. Yaran suka dubi juna. Amma dokarsa ta soja ce, wanda ke kan layi ba ya magana sai an tambaye shi. Shi kuwa ya karkato kunnensa mai ji, ya jima, sannan ya ce da ƙarfi, "Madalla! Haka ake so!"

Ina laɓe, sai da na ciji mayafina.

Kwana shida ana haka. Mai jego har kunun kanwa ta aiko mini. Ɗan mai kanti, wanda kullum ake ce wa ya sake, bai taɓa shan yabo irin na makon nan ba.

Rana ta bakwai na kai masa abinci, bai taɓa ba.

"Yi magana in ji," in ji shi.

"Me zan ce, Malam?"

"To ga shi ke ina jin ki. Amma begila ta ɓace mini. Kwana shida ƙarya nake yi wa 'ya'yan mutane. Likitan soja ya faɗa mini, wata rana ɗaya kunnen ma zai tafi. Gobe zan sallame su."

Na tashi na ɗauko begilar, na lanƙwasa waya, na yi ta laluba har na jawo audugar. Ta yi baƙi, ta sha miyau na kwana shida. Na ajiye ta a gabansa.

"Wannan fa?"

"Audugata ce."

"Da ƙafarta ta shiga?"

"Na ɗan taimaka mata."

Na kwashe zancen mai unguwa na faɗa masa, kaina a ƙasa. Ya dubi audugar, ya dube ni, sai na ga kafaɗunsa na rawa. Ya yi dariya har dasashi ya bayyana.

"Japan ba su iya rufe wa begilar nan baki ba," ya ce, "sai ke da mazari!"

Washegari ya sa na naɗa wani curin, na ɗaure da zare don a riƙa jawowa. Ranakun makaranta a busa da auduga a zaure, shi ya manna kunnensa a jikin begilar kamar mai jin motsin ciki. Ran Asabar kuma su tafi fili bayan layin dogo a cire.

Asabar ta farko ina tsakar gida ina fama da baƙaƙen boko a kan allo, sai na jiyo ta daga nesa, tas, ba gargada. Yaran sun saba kokawa da auduga, da aka sake su ba a magana. Da ya dawo, tun daga zaure yake tambaya, "Kin ji?"

"Na ji, Malam."

"Ni ma," in ji shi. "Akwai sauran tuwo?"