Wuyan Hannun Yayata

Yayata ta iso gidana na unguwar Maisandari da 'ya'yanta uku, bayan 'yan bindiga sun tashi garinsu. Da mijinta a wajen gudu suka rabu, ba a sake jin labarinsa ba.

Sati biyu da zuwanta ta nemi zare da allura, ta kama ɗinkin hula. Tun safe har la'asar tana kan tabarma a gindin darbejiya, kai a sunkuye. Ban san ciwo ya kama ta ba sai ranar da buta ta suɓuce mata tana alwala. Ashe wata uku ke nan gindin babban yatsanta na dama yana mata zogi har wuyan hannu.

Muka shafa man zafi, muka gasa da ruwan ɗumi. Wanzami ya yi mata ƙaho, wurin ya ƙara kumbura. Daga ƙarshe na kai ta asibiti, sau biyu ana sauke mu a shingen sojoji.

Likitar gashin ƙashi, wata 'yar kudancin Borno, ta sa ta dunƙule yatsan cikin tafin hannu, ta lanƙwasa shi ƙasa. Yaya ta cije leɓe.

"Ba karaya ba ce, Mama," in ji likitar. "Jijiyar da ke jan yatsan ce ta gaji da aiki iri ɗaya. Zan ɗaure miki shi, ki ajiye allura sati shida, sannan in koya miki motsa shi a hankali."

A hanya na ce, "Yaya, ki huta. Abincin yaran yana wuyana."



"Ba don abinci nake yi ba," ta ce. "In hannuna ya tsaya, sai in fara ganin hanyar nan da muka biyo."

Kwana tara ta jure. Na ga yadda take zama shiru tana kallon ƙofa, ko tuwo ba ta iya gamawa. A kwana na goma na dawo daga makaranta na tarar ta kwance ɗaurin, tana ɗinki. Na tsaya a kanta, na ƙyale ta ta ci gaba.

Da muka koma, likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta yi ɗinkin awa ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ta riƙa hutawa tsakani. Da haka ciwon ya ragu, amma bai rabu da ita ba. Har yau da hagu take ɗaukar tukunya.