Baba Kunne, Ka Ji Zauren Ba Kowa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Kunne, mai haɗa mana sauti, bayan wata huɗu yana fama da ciwon ƙoda a gadon asibiti. Ni mawaƙiya ce, cikin waɗanda suka ci arzikin hannunsa, kuma raina a ɓace nake wannan rubutu. Mutuwa ta Allah ce, ba ni da ja da ita. Da mu nake fushi.

Baba, shekara talatin kana bayan dandamali, a tsugune cikin wayoyi, rigarka sharkaf da gumi. Mu ake yi wa tafi, kai ko sunanka ba a kira. Ba banza aka laƙaba maka Kunne ba: lasifika ɗaya cikin goma ta fara shaƙewa, tun daga bakin ƙofa za ka nuna ta da yatsa. Ranar da na fara tsayuwa gaban jama'a, muryata na rawa kamar ta mai zazzaɓi, ka zo ka rage min tsayin makirfo, ka ce ƙasa-ƙasa, "'Yata, yi waƙarki, ni zan riƙe ki daga can baya." Ka kuwa riƙe ni. Wani mawaƙi da yau ba ya fita sai da 'yan rakiya, na ga lokacin da ba shi da ko wayar jona jita. Kai ka ɗauki lasifikarka a ka, ka hau masa da ita bene hawa uku, kana tsokanarsa wai in ya yi suna ya saya maka sabon wuya.

Da likita ya ce sai an yi maka dashe, ƙaninka ya ce ga tasa ƙodar. Kuɗin yin aikin ne babu. Muka shirya taron waƙa don taimakonka, aka ba mu zaure kyauta, duk mawaƙin da na tuntuɓa ya dafa ƙirji ya ce, "Haba, ai Baba ubanmu ne." Ranar Asabar, huɗu ga wata, bayan la'asar, muka buɗe ƙofa. Zaure mai kujera ɗari biyar, mutum goma sha bakwai suka zo, kuma yawancinsu maƙwabtanka ne da masu ɗaukar kaya. Manyan da aka buga hotunansu a takardar talla, ko ɗaya bai leƙo ba, jama'a kuwa da suka ji haka suka yi zamansu a gida. Mai sayen sabon wuya ya aiko cewa maƙogwaronsa na ciwo. A yammacin nan aka gan shi yana zuba waƙa a bikin wani attajiri.

Ga laifina kuma, ba zan ɓoye shi ba. Na yi maka alkawarin za ka saurari taron ta waya, matarka Goggo na riƙe maka ita a kunne. Don kada ranka ya sosu, na tattara mutanen nan a layin gaba, na kai makirfo kusa da su, na ce su yi tafi da ihu iya ƙarfinsu. Na manta wa nake son ruɗa. Ina gama waƙar farko na ɗauki wayar na ce, "Baba, ka ji jama'a?"

Ka ce, "'Yata, ce wa mai riƙe da na'ura ya rage amo. Muryarki na dukan bango tana dawowa. In zaure ya cika, jikin mutane ne ke shanye sauti." Can ka ce, "Ba komai. Ci gaba, waƙar ta yi daɗi."

Goggo ta ce min daga nan ka juya fuskarka bango, ba ka ƙara tambayar kowa ba. Abin da aka samu bai kai ko'ina ba, aikin bai yiwu ba, kwana goma ka cika.

Ranar jana'izarka kuwa motoci suka toshe layinku har ƙarshe. Mai ciwon maƙogwaro ya fi kowa kuka, yana yi yana duba ko ana ɗaukarsa hoto. Jiya sun kira ni, wai za a yi gagarumin taron tunawa da kai, ni zan buɗe. Na ce su nemi wata. Wallahi ba zan tsaya in yi waƙa gaban kujerun da sai yanzu suka ga damar cika ba.

Ka yafe min ƙaryar da na yi maka, Baba. Allah ya jiƙanka, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo, da 'ya'yanka, da ƙaninka da ya miƙa ƙodarsa ba a samu karɓa ba, da mutum goma sha bakwai ɗin nan da suka yi tafi har tafin hannunsu ya yi ja. Allah ya ba ku haƙuri. Sauran kuwa ba zan yi muku ta'aziyya ba, don ba ku rasa kowa ba.