Albasar da Na Ƙulle a Leda

Tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare ni ke zuwa ta ɗaya. Hadda ce sana'ata: malami ya rubuta a allo in kwashe, ranar jarrabawa in mayar masa da abinsa har da waƙafi. Amma Babanmu, mai shagon atamfa a kasuwar Illela, kallo ɗaya yake yi wa sakamakona ya koma kan awon yadi. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya kamar ya tsaya ya saurare ni.

Muna aji biyu aka kawo sabuwar malamar noma. Ta ce wannan zangon ba hadda. Kowa za a ba shi albasa goma, ya nemo hanyar ajiye ta wata biyu ba ta ruɓe ba, yana rubuta abin da ya gani duk mako. Wanda tasa ta fi kyau shi zai yi bayani gaban iyaye ranar rufe makaranta. Na ce a raina shi ke nan, ranar Baba zai ji ni.

Akwai wata 'yar ƙauyen Lafani a bencin baya, wadda ko layi uku aka ce ta karanta sai ta yi gumi. Ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Ta zo da kara da ciyawa, ta ɗaure wani ɗan rumbu a bayan aji, ta ɗora shi kan duwatsu. Ta ce rudu sunansa, haka suke yi a gona. Na yi dariya har da riƙe ciki.

A gidanmu na masu shago, duk abu mai daraja leda ake sa shi. Don haka na wanke albasata tas, na ƙulle a leda biyu, na rufe a kwali. Rahotona shafi shida, har da jan biro.

A mako na uku da aka buɗe kwalin, wari ya kori rabin aji waje. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce gano dalilin ma karatu ne, in je in tambayi 'yar Lafani. Wallahi da bulala ta sa min da ya fi min sauƙi.

"Mi kinka yi mata?" in ji yarinyar. Na faɗa mata. Ta ce, "Haba, albasa ba a yi mata wanka. Iska taka so."

Ba da gori ta faɗa ba, kuma wannan ya fi ƙona min rai. Daga ranar duk yaran aji suka koma wurin rudunta. Ita da ba a jin muryarta, sai ga ta tana koya musu juya albasa da tsame wadda wuyanta ya yi laushi. Ƙyashi ya cika ni. Har fata na yi akuya ta shigo ta rushe abin. Abin haushi, duk haddar wannan shekarar ta zube daga kaina, maganarta kuwa har yau ina aiki da ita a kicin.

Ranar rufewa Baba ya zo, karo na farko, saboda na ce masa za a ba ni kyautar ta ɗaya. An kuwa ba ni. Sai aka kira 'yar Lafani, ta fito da albasa tara lafiya lau. Ina kallo Baba ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna gaban rudun, yana tambayarta tazarar da ake bari daga ƙasa, tana amsawa, yana gyaɗa kai. Ya daɗe a tsugune.

A hanyar gida ina bayansa a kan babur, rungume da kyautata, ya ɗan waiwayo.

"Wagga ɗiya tana da kai," in ji shi. "Ki riƙa zama kusa da ita."

Na ce to. Hawaye na zuba har muka wuce tasha, shi kuwa bai lura ba, yana ta zancen albasa.