Baitin da Gashaw Ya Jefa wa Ƙanena

Ƙanena Endalew da ɗan kawunmu Gashaw tare suka koyi masinko, gogen nan mai tsirkiya ɗaya, a gaban kawu a garinmu Debre Tabor. Gaskiya Gashaw ya fi shi hannu, kowa ya sani. To ranar da masu neman makaɗa suka zo za su kai Jamus, Gashaw yana kwance da zazzaɓi, sai aka tafi da Endalew.

Can ya zauna. Da rana wanke-wanke a gidan abinci, Asabar kuma kiɗan bikin mutanenmu. A hankali ya bar wankin kwanuka, yanzu har Landan ake kiransa. Da na gan shi a talabijin sai da na yi guɗa. Gashaw kuwa yana nan yana kiɗa a gidan giyar zuma. In aka kunna waƙar Endalew a waya, sai ya ce kansa na ciwo, ya tashi.

Bana Endalew ya zo bikin 'yata, aka matsa masa ya ɗau masinko. A wajenmu, in ɗan kallo ya jefa wa makaɗi baiti, dole ya karɓa ya rera yadda aka ba shi, ko da zaginsa ne. Wanda ya ƙi, ya faɗi a idon gari. Gashaw ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya miƙe ya ce, "Bature, karɓi wannan: hannun da ya wanke kwanon Jamusawa, sabulu ya cinye masa kiɗa."

Mahaifiyarmu ta ja mayafi ta rufe baki.

Endalew ya ce, "Na karɓa, yaya." Ya ja baka a kan tsirkiya ya rera shi kalma-kalma, ya maimaita, yana karya murya kamar mai kukan gida. Kafin a ankara mata sun amshe, maza na kaɗa kafaɗa, tsofaffi na share hawaye.

Yanzu ko yaran da ke kora jakuna wannan baitin suke yi, wai sabuwar waƙar Endalew. Jiya a gidan giyar aka roƙi Gashaw ya kaɗa ta. Ya ce ai shi ya yi ta. Aka yi masa dariya, wani ya ce, "Malam, kaɗa mana kamar yadda mai ita yake yi."

Ya kaɗa.