Sunan da Yaya Mariyamu Ba Ta Faɗa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Rajab, bayan La'asar, aka aiko mini daga Ƙofar Galadima cewa Allah Ya karɓi ranka, Dakta Nafi'u Lawal, likitan da ke auna tunani da mantuwa.

Ban san ka ba sai ta dalilin yayata Mariyamu, mai koyar da matan Ƙofar Kuyambana karatu a soronta. Da ta tashi daga jinya, aka kai ta asibitinku, aka zaunar da ita gaban kwamfutar nan mai ƙirƙirarriyar basira. Kwamfuta ta ce ta faɗi sunan mijinta. Shiru. Sunan ɗanta na fari fa? Ta sunkuyar da kai. Nan take aka buga sakamako: ciwon mantuwa. Ɗan nata, Hamisu, har ya fara neman kwaɗon rufe makaranta.

Kai ka ƙi sa hannu. Ka ja kujera ka ce, "Hajiya, wa ya kawo ki?"

Ta ce, "Wancan mai ƙaton kan, da ya zo duniya shekarar da katangarmu ta faɗi."

Ka yi dariya har da ƙwalla. Ka ce wa Hamisu, "Kunya ce, Malam. Ina ka taɓa jin ta kira sunanka?" Ka sake gwajin da bakinka, makaranta ta tsira.

Ba gaba kake da na'ura ba. Kana aiki da ita, kana gyara mata tambayoyi, ba ka zuba mata sirrin majinyaci sai da izininsa. Ka ce ita ba za a tashe ta gaban Allah ba, kai za a tasa.

Yanzu ina jin wai ba sai an cike gurbinka ba, kwamfuta ta wadatar. To, masu wannan magana su ji: watan gobe ne awon Yaya, kuma ba za ta zauna ba sai da likita mai kunne a ɗakin. Ni zan kai ta, da sandata.

Da na kai mata labarin rasuwarka, ba ta ambaci sunanka ba. Cewa ta yi, "Yaron nan ya tafi?" Kwamfuta ta rubuta abin da ta ga dama, mu mun san matsayin da aka ba ka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Mai ɗakinka Hajiya Ibtisam da yara, Allah Ya ba su haƙuri. Amin.