Kailu Mai Raba Ɗaki

A unguwar Biafra da ke Treichville, in aka ga Kailu ya shiga gida da mitar awo rataye a wuya, mata kan bar wanki su bi shi da ido. An san wani zama ya ƙare. Kafinta ne, mutumin Maraɗi, shekararsa talatin a Treichville, amma ba don kujera ake nemansa ba. In 'yan'uwa ko abokan haya sun ɓata, ga ɗaki ɗaya, ba mai wurin komawa, shi ake kira ya tsaga ɗakin biyu da katako.

Ni dai ban taɓa yarda da shi ba. Gaisuwarsa ta cika tsawo: "Ya maigidan? Yana cin abinci a gida kuwa?" Mutumin da ke ci da ɓatawar mutane, me ya kai shi wannan tambaya? Ga shi ba ya buga ƙusa, sai dai ya ɗaure da sukuru, kuma kullum sai ya bar tazarar tafin hannu daga sama. Muka ce katakon mutane yake ragewa.

Rannan na tare shi a ƙofar gidanmu. "Baba Kailu, tsakani da Allah, ina sauran katakon yake zuwa?"

"Ke 'yar nan, kin cika zargi," in ji shi. "Tazarar nan don ƙamshin miya ya ƙetara ne, tari ya ƙetara. Wanda ke jin tarin ɗan'uwansa, wata rana zai ce sannu. Ranar sai in zo in kwance, cinq minutes, minti biyar, an gama."

Ban gaskata ba sai da matarsa ta ba ni labarin shagonsu na unguwar Adjamé. Can ya fara kafa katakon, tsakaninsa da ƙanensa Labaran, da ya zarga da janye masa masu kawo aiki. Shekara goma sha ɗaya suna sassaƙa a jikin bango ɗaya ba ko sallama, sukundireba kuwa ba ta barin aljihun Kailu. Wallahi sai na ji kunyar kaina.

Bara Labaran ya kama tari. Kailu ya saurara kwana uku, ya ɗaga kai ya ce sannu ta saman katakon. Ya ciro sukundireba ya kwance sukuru goma sha biyun da ke jikinsa kaf, ya sa kafaɗa ya tura.

Katakon bai motsa ba. Ashe Labaran ya bi shi da ƙusoshi ta nasa ɓangaren, a jere, har sun yi tsatsa.